Kafin Ka Sa Jif Ɗinka A Rairayi

Land Cruiser V8 ta haura tan biyu da rabi tun ba a ɗora mata komai ba. Ƙara mutum biyar, da buhunan tsaraba, da tanki cike da mai, ka doshi tan uku ke nan. Rairayi kuwa ba ruwansa da miliyoyin da ka biya, nauyin nan kaɗai yake ji. Shi ya sa za ka ga tsohuwar Hilux ta wuce sumul a inda sabuwar Lexus ta binne kanta har ciki, mai ita na tsaye da babbar riga yana cigiyar samarin gari.

A yankin Kankiya da Kusada ba mu da tuddan rairayi irin na hoto. Namu shi ne wanda ke kwance a hanyoyin amalanke na ƙauyukan da ke kewaye da Kunduru, da yashin rafukan da ke ƙafewa da rani. Tuddan gaske suna Tulo-Tulo a Yusufari ta jihar Yobe, da Tenere gabas da Agadas, inda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Bilma ɗauko gishiri. Amma hannun da zai fid da kai a rafin ƙauyenku shi ne zai fid da kai can. Ga yadda za ka yi.

1. Gobe da safe ka yi sayayya.

Abu biyar: gejin auna iska, ƙaramin famfon taya mai aiki da batirin mota, shebur, igiyar jan mota mai ƙarfi, da faffaɗan katako mai kauri da za ka ɗora jak a kai. Jak ba katako nutsewa yake yi a yashi, motar ko motsi ba za ta yi ba. Duka kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

2. Rage iskar taya kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba.

In abu ɗaya za ka riƙe a shafin nan, to wannan ne. Dubi takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, za ka ga iskar kwalta ba ta cika wuce PSI 30 zuwa 35 ba. Masu faci da yawa kuwa sai su ɗura maka 40 ko fiye, wai don taya ta yi ƙarfi. Taya mai tauri haka haƙa take yi. In ka sassauta mata iska sai ta baje, tafinta ya yi tsawo, nauyin motar ya rarrabu. Dubi ƙafar raƙumi ka dubi ta jaki, ka ga wanda rairayi ke wahalarwa.

Don hanyar ƙauye mai ɗan rairayi, sauke zuwa 22 ko 25. Don yashi mai zurfi ko tudu, 16 zuwa 18. Ka auna tayoyin huɗu da geji, ban da kintace da ido.

Akwai sharaɗi. Taya mai sassauci ba ta son gudu, kar ka wuce kilomita 40 a awa. Ba ta son kwana da fizga, domin tana iya zamewa daga kan wili. Gefenta kuma ya fito fili, don haka ka kauce wa kututture da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. In motarka irin mai wili inci 20 ko 21 ce da siririyar taya, ka tsaya a wajen PSI 20, ba ta da naman da za ta baje. Wannan ƙafa ta zuwa ɗaurin aure ce a cikin birni. Mai yawan shiga ƙauye gara ya koma inci 17 ko 18 in motar ta yarda.

3. San maɓallanka tun kana gida.

Prado da manyan Land Cruiser kullum da taya huɗu suke ja. Naka shi ne ka danna maɓallin da ke kulle gaba da baya, mai hoton taya huɗu da alamar X a tsakiya. Hilux kuwa sai ka kai ta 4H da kanka. 4H na tafiya ne a rairayin da bai yi tsanani ba. 4L na yashi mai zurfi ne da hawa da fita daga kafewa, kuma ba a shigarsa sai mota na tsaye, giya a N.

Sai wanda yawanci ba a sani ba. Kwamfutar motar an koya mata cewa in taya ta fara zamewa ta rage ƙarfin inji ta kama birki. A kwalta mai santsi wannan ceto ne, a rairayi shi ke kashe maka gudu a tsakiyar rafi. Nemi maɓalli mai hoton mota da karkatattun layuka biyu a bayanta, danna ka riƙe ɗan lokaci kana tsaye har fitilarsa ta kama. In motarka na da zaɓin irin ƙasa, juya shi kan na yashi.

4. Yi sammako.

Rairayin asuba ya sha sanyin dare da raɓa, a dunƙule yake. Na azahar ya saki jiki. Rana tsaka kuma inuwa ke ɓacewa, ba ka bambance rami da tudu. Ga kuma halin da ake ciki na tsaro: tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ka tashi, ka dawo da sauran rana.

5. Ƙafarka ta zama ɗaya.

Shiga da matsakaicin gudu ka riƙe shi, ba ƙari ba ragi. In giyar hannu ce, zaɓi ta biyu ko ta uku tun daga bakin yashin, kar ka taka kuloci a tsakiya, daƙiƙa ɗayan nan ta isa ta zaunar da kai. In otomatik ce, ka tsayar da ita a giya ɗaya da hannunka. Za ka tsaya? Ɗaga ƙafa daga totur, rairayin zai tsayar da kai. Birki mai ƙarfi tara yashi yake yi a gaban taya. Ka tsaya a wuri mai tauri ko hancin mota na kallon gangare.

A hanyar amalanke bi sawun da ke nan, amma ka lura da tudun tsakiya. In sawun ya yi zurfi, cikin motar zai hau kai, tayoyi su yi ta juyawa a banza.

6. Tudu: miƙe ka hau, miƙe ka sauka.

Ba a ratsa tudun rairayi a kaikaice. Jif doguwa ce, nauyinta na sama, kifewa ba ta yi mata wuya. In ƙarfi ya ƙare maka kafin ƙoli, kada ka ce za ka juya. Sa ribas ka sauko a kan sawunka, ka ƙara nisan tasowa, ka sake gwadawa.

Kowane tudu fuska biyu gare shi. Wadda iska ke duka tana da tauri da sauƙin hawa, ta bayan kuwa taushi gare ta da tsananin gangare, wajen digiri 30 da ɗoriya. Saboda haka sassauta totur dab da ƙoli. In ba ka san abin da ke baya ba, sauka ka leƙa da ƙafa. Wurin sauka sa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. Kar faɗin sahara ya sa ka saki ido: bishiyar nan ɗaya tilo ta Tenere, direban babbar mota ne ya kaɗe ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Can kuma ba a zuwa da mota ɗaya, sai ayari da ɗan jagora da jarkokin mai da ruwa, domin yashi na shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba.

7. Ta kafe? Ɗaga ƙafarka nan take.

Kowane ƙarin totur ƙarin rami ne. Gwada ribas a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, kowa ya sauka. Ƙara rage iska zuwa 12 ko 14. Kwashe yashin gaban tayoyi huɗun da na ƙarƙashin ciki har ka hango haske ta ɗaya gefen. Miƙar da sitiyari. Cusa karan dawa, ko tsohuwar zana, ko tabarmar ƙasan motar a ƙarƙashin taya, ka zuba ɗan ruwa in kana da rara. Sa 4L ka taso kamar ba ka so. Land Cruiser mai Crawl Control tana iya tono kanta, ka kunna ka bar mata totur, ƙarar da za ka ji ba lalacewa ba ce.

In ja za a yi, a ɗaura igiya a ƙugiyar da kamfani ya tanada a jikin shasi, ba a bamba ba, ba kuma a dunƙulen jan tirela ba, wanda kan ɓalle ya tashi kamar harsashi. Kori yara nesa, fiye da tsawon igiyar. Ka kuma tanadi canji na samarin da suka tura.

8. Da damina lissafi ya canza.

Rafin da ka ratsa a bushe da safe na iya kawo ruwa da yamma alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, can sama aka yi shi. Ruwa mai gudu ba a gwada shi da mota. Jira ya wuce, ka tambayi masu babur inda suke bi. Kar kuma gudun yashi ya sa ka faɗa gonar mutane.

9. Kafin ka hau kwalta.

Da ka fito bakin titin Kano zuwa Katsina, tsaya ka mayar da iska yadda takardar ƙofa ta ce. Taya mai PSI 18 a gudun 100 zafi take ɗauka har ta fashe. In famfonka ya ƙi aiki, lallaɓa a hankali zuwa mai faci mafi kusa a Kankiya. Cire kullen gaba da baya, mayar da Hilux 2H, kunna maɓallin nan da ka kashe. In ka isa gida a buɗe matatar iskar inji a kakkaɓe ta, musamman lokacin hunturu, a kuma wanke ƙarƙashin motar da wajen birki.