Darasi na Goma Sha Biyu: Ziyarar Ƙananan Garuruwan da Ke Kewaye da Abuja

Ɗalibai, idan aka ambaci Abuja, me ke fara zuwa muku a rai? Watakila manyan tituna, da dogayen gine-gine, da Dutsen Aso. To, ku sani wannan birni yaro ne idan aka gwada shi da garuruwan da ke kewaye da shi. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a tsakiyar Nijeriya. Gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991. Amma tun kafin wannan lokaci akwai mutane a ƙasar, suna noma, suna farauta, suna ginin tukwane. Daga cikinsu akwai Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wannan darasi za mu ziyarci garuruwa uku, sa'an nan mu koyi ladubban baƙo mai neman sani.

Suleja: Abuja ta Farko

Ku bi hanyar Kubwa ku wuce Zuba. Kafin ku isa Suleja za ku hango Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira ɗari. Suleja tana cikin Jihar Neja, amma ba za a fahimci tarihin Abuja ba sai an biyo ta nan.

A farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yi kudu, ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi. Shi ne ake kira Abu Ja, saboda hasken fatarsa. A shekarar 1828 ya kafa sabon gari, aka sa wa garin sunansa, wato Abuja. Da aka zaɓi wannan suna domin sabon birnin tarayya, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau. Har yau sarautar garin ita ce Sarkin Zazzau Suleja. Kun ga ke nan, sunan gari kaɗai yana iya ɗauke da tarihin kusan shekara ɗari biyu. Duk garin da kuka shiga, ku fara tambayar ma'anar sunansa.

Kwali: Garin Ladi

Ku ɗauki takardar naira ashirin ku juya bayanta. Matar da kuke gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Sunanta ma darasi ne: Ladi suna ne da ake sa wa macen da aka haifa ranar Lahadi, Kwali kuwa garinsu ne, wanda yake kan hanyar Lokoja, gaba da Gwagwalada.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane irin na matan Gbagyi. Da hannu take gina tulu da randa, sa'an nan ta zana musu hoton ƙadangare, ko kunama, ko kifi, ko kada. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarki Sulaimanu Barau, suka ba shi sha'awa ƙwarai. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, ita ce mace ta farko da ta shiga. Daga nan ta je Ingila da Jamus da Amurka tana nuna sana'arta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Ba ta yi karatun boko ba, amma hannunta ya kai sunan ƙauyensu ƙasashen duniya.

Ushafa: Sana'ar da Ba Ta Mutu Ba

Ushafa tana kan hanyar Bwari, a tsakanin duwatsu, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda birnin Abuja ke shan ruwanta. A garin akwai cibiyar ginin tukwane. A nan za ku ga yadda ake kwaɓa yumɓu, a gina tukunya, a shanya ta, sa'an nan a gasa ta da wuta. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a watan Agusta na shekarar 2000.

Ku kuma lura da matan Gbagyi a hanyar gona ko kasuwa. Bisa al'ada, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, domin suna girmama kai. Wannan ba abin dariya ba ne, abin tambaya ne cikin ladabi. Hausawa kan kira su Gwari, amma sunan da suke kiran kansu shi ne Gbagyi. Baƙo mai hankali yakan kira mutane da sunan da suka fi so.

Me Ya Sa Ya Kamata Ku Je?

Birni yana girma, yana haɗiye gonaki da ƙauyuka. An tashi mutanen wasu garuruwa daga mazauninsu na asali domin a gina unguwanni. Sunan Sabon Wuse, a Jihar Neja, yana tuna mana da haka. Dattawan da suka san yadda ƙasar take kafin 1976 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan tsoho ya rasu ba a tambaye shi ba, abin da ya sani ya tafi ke nan. Littafi zai ba ku shekaru da sunayen sarakuna, amma ba zai nuna muku inda tsohuwar kasuwa take ba, ko rafin da ake ɗebo yumɓu. Gani ya kori ji.

Ladubban Baƙo

Da farko, ku tafi tare da malaminku, ku fara da gidan mai gari, ku faɗi abin da ya kawo ku. Na biyu, kada ku yi tambaya kafin gaisuwa. Na uku, kada ku ɗauki hoton kowa, ko ku shiga wurin ibada, sai da izini. Na huɗu, ku rubuta abin da kuka ji, ku kuma tambayi mutum fiye da ɗaya, domin labarin baka yakan bambanta. A ƙarshe, ku sayi ɗan abu ko da ƙaramin kasko ne, ku yi godiya. Ga misalin yadda za ku fara magana:

Ɗaliba: Sannu da aiki, Inna.
Maginiya: Yauwa, sannu 'yata. Daga ina?
Ɗaliba: Daga makaranta muke, mun zo neman sani. Don Allah, a wurin wa kika koyi wannan sana'a?
Maginiya: A wurin kakata. Zauna ki gani.

Ku tuna, matambayi ba ya ɓata.

Sababbin Kalmomi

yumɓu: ƙasa mai danƙo da ake ginin tukwane da ita
randa: babbar tukunyar ajiye ruwa a gida
tulu: abin ɗebo ruwa mai ƙaramin baki
maginiya: mace mai ginin tukwane
gāda: karɓi sarauta ko dukiya bayan rasuwar mai ita
madatsar ruwa: wurin da aka tare kogi domin tara ruwa

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa tsohuwar Abuja, kuma a wace shekara?
2. Daga ina sunan Suleja ya samo asali?
3. Ku kawo abubuwa uku da Ladi Kwali take zanawa a jikin tukwanenta.
4. Me ya sa ya kamata a yi hira da dattawa tun yanzu?
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar nan: gani ya kori ji.

Aikin Gida

Ku sami wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku. Ku gaishe shi da Hausa, ku tambaye shi ma'anar sunan garin da aka haife shi, da sana'ar da aka san garin da ita. Ku rubuta jimloli goma a kan abin da ya faɗa muku, ku karanta wa 'yan ajinku.