Yadda Ake Gano Sauyin Dutse a Ƙarƙashin Matsi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, a ajin kimiyya an koya mana cewa zafi yana mai da ƙanƙara ruwa, ya kuma mai da ruwa tururi. To, matsi ma yana da irin wannan iko, har yakan sauya halin abu alhali yana nan daskararre. Ku duba girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, da kuma daimon. Dukansu biyu kabon ne. A girafait ƙwayoyin atam suna jere ne kamar tabarmi da aka ɗora bisa juna, shi ya sa yake gogewa a kan takarda. A daimon kuwa kowace ƙwaya tana riƙe da ƙwayoyi huɗu gam. Matsi da zafi na ƙarƙashin ƙasa, a zurfin kilomita 150 ko fiye, su ne ke sa kabon ya ɗauki wannan tsari.

Ashe ke nan duwatsun da ke can ƙasa sun bambanta da waɗanda muke takawa. Amma yaya za a gan su? Rami mafi zurfi da aka haƙa, a yankin Kola na ƙasar Rasha, ya tsaya a mita 12,262 a shekarar 1989, alhali daga nan zuwa tsakiyar duniya ya fi kilomita 6,300. Da yake zuwa can ba zai yiwu ba, sai masana suka samar da irin matsin a ɗakin gwaji.

Na'urar da ake wannan aiki da ita ƙarama ce, ana iya riƙe ta a hannu. An fara ƙera ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Daimon biyu ake sa wa su fuskanci juna, kowane da kai wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba. A tsakaninsu ake ajiye ɗan garin dutse, cikin ramin wani siririn ƙarfe, sai a ɗaure da sukurori. Kun san yadda allura ke huda fata da ɗan turi kaɗan saboda tsininta. Haka nan ƙarfin da aka tara a ɗan ƙanƙanin wuri yakan haifar da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau miliyan. Idan ana son zafi, sai a haska garin da leza.

Saura ganin abin da ya faru, domin ido ba ya ganin atam. Nan ne hasken eksire ya shigo, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wilhelm Rontgen ya gano shi a Jamus a 1895. A 1912 Max von Laue ya nuna cewa idan hasken ya ratsa abin da ƙwayoyinsa ke jere bisa tsari, yakan tarwatse ta wasu kusurwoyi na musamman. William Bragg da ɗansa Lawrence suka fito da lissafin da ke auna tazarar layukan atam daga waɗannan kusurwoyi, aka ba su kyautar Nobel a 1915. Hasken yana ratsa daimon, ya bugi garin, ya zana zobba a kan allon na'ura. Kowane tsari da nasa zobban. Idan ana ƙara matsi sai zobban suka ɗan gusa, ƙwayoyin sun matsu ne kawai. Idan kuwa tsofaffin suka ɓace, sababbi suka fito, to abin ya sauya tsari.

Ga misalin amfanin wannan. Masu nazarin girgizar ƙasa sun daɗe da lura cewa gudun girgizar yana sauyawa a wani sashe da ke saman cibiyar duniya, wadda ke farawa a zurfin kusan kilomita 2,900, amma ba a san dalili ba. A 2004 Motohiko Murakami da Kei Hirose da abokan aikinsu a Japan suka matse ma'adinin da ya fi yawa a cikin duniya, suka haska shi da eksire mai ƙarfi a cibiyar SPring-8. Da matsin ya haura ninki miliyan 1.2 na matsin iska, zafi kuma ya kai kimanin digiri 2,200, sai sababbin zobba suka bayyana. Wannan matsi ya yi daidai da zurfin kusan kilomita 2,700, wato wajen da girgizar ke sauya gudu. Ta haka ɗan garin da bai kai ƙwayar gero ba ya ba da babban ɓangare na amsar.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu raina darasin kusurwa da na matsi da muke yi a aji, domin da su ne aka san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.