Tsarkin Ruwa Da Haramcin Cutarwa: Darasi Daga Ƙasar Anka Da Bukkuyum

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa malaman Malikiyya suna duban abu uku ga ruwa kafin a yi tsarki da shi, wato launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Sun kuma bayyana cewa ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta yana nan a kan tsarkinsa. To, amma fa wannan hukuncin alwala ne da wanka. Hukuncin cutarwa daban yake, domin Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana cuta da cutarwa.

Abin da ya auku a Jihar Zamfara ya isa misali. A cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Masu neman zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, a daka, a niƙa, a wanke, a watsar da tarkacen a tsakar gida da bakin kududdufi, alhali duwatsun cike suke da dalma. A wasu wurare dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka auna. Yara kimanin 400 suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita dalma ba ta ruɓewa kamar ganye ko kashin dabba. Maƙalewa take yi a ƙasar sama shekara da shekaru, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki, iska ta ɗauki ƙurarta, ruwan damina ya kwashe ta zuwa kududdufi da fadama. Kuma ba lalle ne ta sāke launin ruwa ko warinsa ba. Saboda haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka zubo sabuwa, a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, sa'an nan a Bagega a 2013.

Kada mazaunin gari ya ce wannan matsalar masu haƙar zinariya ce kaɗai. Mataccen batirin mota da ake fasawa a yar a juji akwai dalma a cikinsa, ga kuma ruwan batir mai tsami, wanda yake ƙara narkar da ita cikin ƙasa. Daga wannan jujin ne manomi yake ɗibar taki zuwa gona, abin da ya saura kuwa ruwan sama ya gangara da shi ƙorama, ƙorama ta kai Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta Gummi ya haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Wanda ya zubar ba zai taɓa ganin wanda ya sha ba.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi kashedi game da yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwa, domin yana jawo wa mai yinsa tsinuwa. Idan haka ne ga ƙazantar da take ruɓewa cikin 'yan kwanaki, to ina ga gubar da take wuce rayuwar mai zubar da ita?

Don haka wajibi ne a nisantar da niƙan duwatsu daga gidaje, mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A ware batir daga sharar taki, kada a yi juji a kan hanyar ruwa. Limamai su faɗakar a huɗuba, masu unguwa da dagatai su sa ido.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya kiyaye na baya, amin.