Allurar rage ƙiba da ake tallatawa a TikTok: yadda take aiki da abin da ya kamata a sani

Duk mai yawan shiga TikTok ko Instagram ya ci karo da bidiyon nan da ake jera hotuna biyu, mutum kafin allura da bayan allura, a ƙasa an rubuta lambar WhatsApp. Sunayen da ake ambata su ne Ozempic, Wegovy da Mounjaro. Magunguna ne na gaske, kuma suna aiki. Amma na likita ne, kuma wanda ake tura wa mutum daga shafin sada zumunta ba lallai ne ya zama shi ne aka gwada a asibiti ba.

Yadda suke aiki

Bayan cin abinci, hanji yana sakin wani sinadari mai suna GLP-1 wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Na jiki yana ɓacewa cikin 'yan mintuna. Semaglutide, wato sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy, kwaikwayonsa ne da aka ƙera ya daɗe a jini, shi ya sa sau ɗaya ake yin allurar a mako. Yana rage sha'awar abinci, yana kuma sa abinci ya jima a ciki.

Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ne ke yin su biyun. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Ozempic a 2017 don masu ciwon suga, sannan Wegovy a 2021 don rage ƙiba. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly ne, sinadarinsa tirzepatide.

Abin da bincike ya nuna

A gwajin STEP 1 da aka wallafa a 2021, an bi mutum 1,961 har mako 68. Waɗanda aka yi wa semaglutide sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allura marar magani kuma kashi 2.4. Ke nan mai kilo 100 zai sauke kusan kilo 15, amma cikin shekara ɗaya da kusan wata huɗu, tare da gyara cin abinci da motsa jiki. A gwajin tirzepatide, masu karɓar adadi mafi girma sun rage kusan kashi 21 cikin mako 72.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Da aka bibiyi wasu daga cikin mutanen STEP 1 shekara ɗaya bayan sun daina allurar, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke ya dawo. Maganin kamar na hawan jini yake, muddin ana yi yana aiki.

Wa ya dace da shi?

Likitoci suna duba ma'aunin BMI, kuma kalkuletar waya ta isa a lissafa shi: a raba nauyi da kilo da tsawo da mita sau kansa. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.70 zai buga 1.70 × 1.70, ya samu 2.89, ya raba 95 da shi, ya samu 32.9. An tanadi Wegovy ne don mai BMI 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai hawan jini ko ciwon suga. Wanda ke son rage ɗan tumbi kafin biki ba ya cikin wannan rukuni.

Illolinsa

Mafi yawa su ne tashin zuciya, amai, gudawa da taurin bayan gida. Don haka ake farawa da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk mako huɗu har a kai 2.4. Waɗanda ba a cika samu ba amma masu haɗari sun haɗa da tsakuwa a madaciya da kumburin gaɓar da ke samar da insulin. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa alama ce ta a garzaya asibiti. Mai juna biyu ba ta yin sa, mai shirin ɗaukar ciki kuma ta daina wata biyu kafin lokacin. Haka wanda akwai tarihin wata irin sankarar maƙogwaro a danginsa.

Jabu a intanet

A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Kafin nan, a 2023, an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sugan jininsu ya faɗi, inda hukumomi suka yi zargin insulin ne aka sa a cikin allurar. Ga wanda ba shi da ciwon suga, wannan na iya kai shi ga suma ko rasa rai. Ko na gasken ma yana buƙatar firij kafin a fara amfani da shi, don haka wanda ya kwana a buhun ɗan aike cikin zafin rana ba abin yarda ba ne.

Kafin a tura wa kowa kuɗi, ga alamomin da ya kamata su tsayar da mutum:

1. Mai sayarwa bai nemi takardar likita ba.
2. Farashi ya yi arha fiye da kima.
3. An yi alƙawarin sauke kilo goma a mako biyu.
4. Babu lambar NAFDAC a kwalin, ko ba ta fito ba a Greenbook, kundin hukumar na intanet.

Waya tana da amfaninta a nan: lissafa BMI, ajiye bayanin nauyi duk mako, tunatar da ranar allura. Shawarar fara maganin da adadin da za a yi kuwa, likita ne ke yanke ta bayan ya yi gwaji.