Ɗana Ya Ce Ba Ya Jin Kansa Namiji

Ni uwa ce a Unguwar Rogo, nan Jos. Ɗana na fari shekararsa 14. Tun yana ƙarami ya fi son zaman madafi da wasan 'yan mata, muna cewa ƙuruciya ce. Watan jiya na tarar da shi gaban madubi sanye da hijabin ƙanwarsa, ya shafa jan baki. Da na matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce shi a ransa ba ya jin namiji ne, kuma bai san dalili ba. Yaran layi sun fara kiransa ɗan daudu, har ya daina zuwa Islamiyya. Babansa ya zane shi, yanzu yana maganar kai shi gidan mari a wata jiha. Ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, balle in zaunar da shi. Yaya zan yi?

Wata uwa, Jos

Amsa: Maganar gidan mari a kashe ta tun yau. Ki tuna wa maigida abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019: mutum wajen 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu suka ce har lalata da su aka yi. Akasarinsu iyaye ne suka kai su gyaran hali. Duka kuwa ba ya cire abin da ke cikin rai, ɓoyewa kawai yake koya wa yaro.

Yaronki yana tsakiyar balaga. Wasu yaran wannan ji yakan sauya musu in sun girma, wasu kuma da shi suke manyanta, kuma ba mai iya gaya miki yau wanne ne nasa. Don haka kada ku yi gaggawar laƙa masa suna, na unguwa ko na intanet. Abin ma ba baƙo ba ne. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta mai kwaikwayon mata da gangan da wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, ya ce na biyun ba zargi a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta cire lamarin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019.

Duk da haka ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Likitan yara ya duba ko akwai batun halittar mata-maza, wadda wani lokaci sai a balaga take bayyana. Sannan ku ga likitan ƙwaƙwalwa, domin yaron da ake tsangwama a waje, ake duka a gida, damuwa kan kai shi ga tunanin kashe kansa. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa.

Waje kuma akwai haɗari. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi, nan kusa da ku, ana zarginsu da shigar mata, kuma tun dokar 2014 da ta haramta auren jinsi, zargi kawai yakan tara wa mutum jama'a. Ki gaya masa a fili: ban da hoto a Facebook ko TikTok, ban da zuwa wajen wanda ya haɗu da shi a waya. Ke ma kada zancen ya kai gidan biki.

Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma a nan sai an ɗan sassauta ta. Ba sai kun haɗa ido ba. Ki kira shi ya taya ki tsintar wake, ki ce masa, "Na ji abin da ka faɗa, ba mai korarka daga gidan nan." Sai ki yi shiru ki saurara. In bakin ya ƙi buɗuwa, nemi goggonsa ko kakarsa mai riƙe sirri ta fara. Maigida kuma a same shi bayan sallar isha, da wani babba da yake jin nauyinsa.