MATSALAR JERA SUNAYEN HAUSA BISA ABACADA A KWAMFUTA: MISALI DAGA ƘASAR HAƊEJIYA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna dalilin da kan sa kwamfuta ta birkita sunayen Hausa in an umurce ta da ta jera su bisa abacada, da kuma hanyar gano inda kuskuren ya ɓuya. An ɗauko misalai daga ƙasar Haɗejiya, inda jama'a suka dogara ga fadama wajen noman shinkafa da alkama da tattasai da kamun kifi. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, lallai ne a rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa. Wanda aka duba sunansa a gurbin da ya kamata ba a gani ba, tamkar ba a rubuta shi ba ne, kuma rabonsa na iya wuce shi.

2.0 YADDA KWAMFUTA TAKE GANIN HARAFI

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, babban baƙin A lambarsa 65, Z kuma 90. Ƙaramin a lambarsa 97, z kuma 122. In za ta gwama sunaye biyu, sai ta dubi lambar harafin farko na kowanne, mai ƙaramar lamba ya wuce gaba. In sun yi daidai, sai ta matsa ga harafi na biyu.

An gina wannan tsari ne domin Ingilishi, saboda haka babu haruffanmu masu ƙugiya a ciki. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba su gurbi, amma can nesa: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599.

3.0 KURAKURAN DA SUKA SHAFI HARSHE

3.1 Haruffa masu ƙugiya. In aka bar na'ura da lambobinta, ga abin da za ta fitar:

Bala, Dauda, Kabiru, Zakari, Ɗahiru, Ƙasimu

Alhali kuwa ga yadda ya kamata:

Bala, Dauda, Ɗahiru, Kabiru, Ƙasimu, Zakari

Mai karatu zai lura Ɗahiru da Ƙasimu sun faɗa bayan Zakari, don lambobinsu sun zarce 90. Malamin da ya buɗe shafin D bai ga Ɗahiru a kusa ba zai ɗauka ba ya cikin lissafi. Haka ma a tsakiyar kalma: Haɗejiya takan zo bayan kalmar Hausa, saboda ɗ 599 ce, u kuwa 117.

3.2 Babban baƙi da ƙarami. In magatakarda ya buga auyo da ƙaramin baƙi, sai garin ya koma bayan Malam Madori, don 97 ta fi 77, wadda ita ce lambar M.

3.3 Alhamza. A Nijeriya 'y ake rubutawa, a Nijar kuwa ƴ. Miƙaƙƙiyar alhamza lambarta 39, saboda haka 'Yankwashi za ta riga Auyo. Lanƙwasasshiya kuwa 8217 ce, sai ta jefa garin ƙarshen jeri. Ga ido alama ɗaya ce, ga na'ura biyu.

3.4 Tagwayen baƙaƙe. Shin sh harafi ɗaya ne ko biyu? In biyu ne, za a sami Sani, Shehu, Sule. In ɗaya ne mai bin s, sai a sami Sani, Sule, Shehu. Kundin ƙa'idojin harsuna na Unicode, wato CLDR, ya ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu cin gashin kansu. Kowanne aka zaɓa, wajibi ne a faɗe shi a farkon jeri don mai dubawa ya sani.

3.5 Bambancin rubutu. Hadejia da Haɗejiya da Haɗeja gari ɗaya ne, amma na'ura uku take ƙirgawa. Haka Kiri Kasamma da Kirikasamma, ko Mallam Madori da Malam Madori.

4.0 KURAKURAN DA SUKA SHAFI MANHAJA

Bayanin manomi guda yakan ƙunshi suna da gari da girman gona. Hanya mafi sauƙi ta jerawa ita ce a gwama maƙwabta biyu, in na sama ya fi, a musanya su, a yi ta haka har jeri ya daidaita. Kuskure mafi muni shi ne a musanya suna kaɗai a bar sauran. Alal misali:

Zakari, Guri, eka 2
Bala, Auyo, eka 5

Sai a wayi gari Bala ya zama mutumin Guri mai eka 2, Zakari ya gaji eka 5 a Auyo. Sunaye sun jeru tsaf, jimillar eka tana nan 7, ba abin da zai jawo hankalin mai bita. Wannan shi ne kuskuren da kan kwana a takarda har ranar rabo.

Na biyu shi ne iyakar zagaye. A harsunan manhaja irin su C da Python daga sifili ake fara ƙirga, wato abu takwas suna zaune ne daga gurbi na 0 zuwa na 7. Wanda ya tsayar da zagaye da wuri zai bar na ƙarshe ba a taɓa shi ba, wanda ya zarce kuwa zai nemi gurbin da babu shi.

5.0 HANYAR FARAUTAR KUSKURE

Da farko, kada a fara da dubban sunaye. A ɗauki ɗan jerin da aka san amsarsa, kamar ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya: Auyo, Birniwa, Guri, Haɗejiya, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma, Malam Madori. A hargitsa su, a sa Auyo a ƙarshe. In ba ta dawo farko ba, a binciki iyakar zagaye.

Na biyu, a sa manhaja ta riƙa buga sunaye biyun da take gwamawa tare da lambobinsu. Nan ne ɓoyayyiyar alhamza ko fili a gaban suna za su bayyana.

Na uku, a ba kowane manomi lamba tasa kafin jerawa, bayan an gama a duba ko har yanzu tana tare da sunansa da gonarsa.

Na huɗu, a gyara abu ɗaya a sake gwadawa kafin a taɓa wani, don a san wane gyara ne ya yi aiki.

Maganin matsalar harshe kuwa shi ne a yi wa na'ura teburin abacadan Hausa: a 1, b 2, ɓ 3, c 4, d 5, ɗ 6, har ƙarshe. Kafin gwamawa a mayar da baƙaƙe duka ƙanana, a mayar da alhamza iri ɗaya, a kuma sa ta duba sh da ts kafin s da t.

6.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa rabin aikin na masanin harshe ne. Mai rubuta manhaja zai iya gyara zagaye, amma ba shi zai yanke hukuncin matsayin sh ba, ko daidaitaccen rubutun sunan Haɗejiya. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su fitar da daidaitaccen jerin sunayen garuruwa, su kuma koya wa ɗalibai wannan ɗan lissafi, domin ofisoshin da za su yi aiki gobe suna bukatarsa.