Gwajin CRP: Abin da Jini Yake Faɗa Game da Kumburi

Duk wanda ya saba da kasuwar Farin Gada ta Jos ya san aikinta ba ya rabuwa da ƙananan raunuka. Wuƙar gyaran kabeji takan zame ta yanki yatsa. Bakin kwandon tumatir yakan karce hannun ɗan dako. Kafin gari ya waye sai wurin ya yi ja, ya tasa, ya ɗauki zafi, yana zugi. Wannan shi ne kumburi.

Kumburi hanya ce ta kare kai. Jiki ne yake tura jini da fararen ƙwayoyin jini wurin da aka ji ciwo, don su kashe ƙwayoyin cuta su gyara ɓarna. Idan a fata ne, ido yana gani. Idan kuwa a huhu ne, ko hanji, ko ƙoda, ko gaɓoɓi, ido ba ya kaiwa can. A nan ne likita yake neman alama a cikin jini. Ɗaya daga cikin alamun nan ita ce CRP. Haka za ka ga an rubuta a takardar asibiti, ana furta shi Si-Ar-Pi.

Mene ne CRP?

CRP wani furotin ne da hanta take yi, ta zuba shi cikin jini. Mai lafiya yana da shi ɗan kaɗan. Da zarar cuta ta shiga ko nama ya lalace, ƙwayoyin tsaron jiki sukan saki wani sinadari mai suna IL-6. Jini ya kai shi hanta. Ita kuma hanta ta shiga yin CRP da yawa.

Likitoci biyu ne suka gano shi a shekarar 1930, William Tillett da Thomas Francis, a Cibiyar Rockefeller da ke birnin New York a Amurka. Suna binciken jinin masu ciwon huhu, wato nimoniya. Sai suka ga wani abu a jinin yana manne wa wani ɓangare na ƙwayar cutar. Suka kuma lura cewa idan majinyaci ya warke, abin yakan ɓace.

Siffarsa da aikinsa

CRP ƙanƙane ne ƙwarai, ko da madubin likita na ɗakin gwaji ba a ganin sa. Masana sun gano cewa guda 5 ne iri ɗaya suka haɗu suka yi da'ira, da rami a tsakiya. Da'irar tana da fuska biyu, kowace da aikinta.

Fuska ta farko ita ce mai kamu. Tana manne wa jikin wasu ƙwayoyin cuta, da kuma ƙwayoyin jikinmu da suka mutu. Ba ta iya kamun sai da taimakon sinadarin kalsiyam. Fuska ta biyu ita ce mai kira. Tana jawo sauran masu tsaron jiki zuwa wurin.

Ka tuna yadda ɗan kasuwa yake sa wa buhunan dankalinsa shaida kafin a yi lodi. 'Yan dako ba sa buɗe kowane buhu. Shaidar suke dubawa, su san wanda za su ɗauka. Haka CRP yake yi. Yana sa wa ƙwayar cuta da mataccen nama shaida, fararen ƙwayoyin jini su zo su kwashe.

Tashinsa da saukarsa

CRP yana da saurin tashi. Cikin awa 6 zuwa 8 da fara kumburi yake soma hawa. Yakan kai ƙololuwa wajen kwana 2. A ciwo mai tsanani yana iya ninka na mai lafiya sau ɗaruruwa, har sau 1,000.

Yana kuma da saurin sauka. Idan abin da ya ta da shi ya gushe, rabinsa yakan tafi a cikin kamar awa 19. Wannan ne ya sa likitoci suke son sa. Idan an fara magani, aka sake gwaji bayan kwana 2 ko 3, lambar za ta nuna ko maganin yana ci.

Karanta takardar sakamako

Jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Ba sai an zo da azumi ba. A takarda za ka ga lamba, a gefenta an rubuta mg/L. Ma'anarsa miligiram nawa ne a kowace lita.

Ƙasa da 5: haka na yawancin masu lafiya yake. Wasu ɗakunan gwaji suna sa iyakar a 10.
Daga 10 zuwa 100: akwai kumburi a wani wuri.
Sama da 100: ana zaton ciwo mai ƙarfi, sau da yawa na bakteriya. A ga likita ba da jinkiri ba.

Akwai kuma wani gwajin mai gano ɗan kaɗan, ana rubuta shi hs-CRP. Da shi ake auna haɗarin ciwon zuciya ga wanda yake ji garau. Ƙasa da 1 haɗari kaɗan ne, sama da 3 haɗarin ya ƙaru.

Abin da gwajin ba ya faɗa

A nan ya kamata mu natsu. CRP yana cewa akwai kumburi. Ba ya faɗin inda yake, ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Nimoniya tana ɗaga shi. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi. Haka tarin fuka, da ciwon gaɓoɓi, da ƙuna, da tiyata. Ƙiba da shan taba da juna biyu ma suna ɗan ɗaga shi. Mura ta yau da kullum kuwa galibi ba ta kai shi nesa.

A ce wani dattijo mai sayar da karas ya kwana uku yana tari da zazzaɓi. Ya ce sanyin Jos ne ya kama shi. Aka gwada, lamba ta nuna 120.

Ya ce, "Likita, to a rubuta mini kafso in tafi, kaya suna jira."

Likita ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Lambar nan ta nuna jikinka yana fama da wani abu babba, amma ba ta faɗi sunansa ba. Bari in saurari ƙirjinka, a duba maleriya, a ɗauki hoton huhu. Sannan mu san maganin da ya dace da kai."

Likitan yana da gaskiya. Kafson kashe bakteriya ba ya maganin maleriya. Ba ya maganin mura. Shan sa barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Gwajin yana da wani amfani ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen tantance su. Wanda lambarsa ta wuce 5, sai a yi masa gwajin tarin fuka.

Abin da za mu riƙe

Idan ka ji rauni, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe. Idan jan yana yaɗuwa, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, je asibiti. Zazzaɓin da ya wuce kwana 2, da numfashi sama-sama, da tarin da ya kai mako 2, duk na likita ne. Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa, akan tura mutum babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Kada ka kai takardar sakamako kemis a zaɓa maka magani. Mayar da ita ga likitan da ya aike ka, ka tambaye shi har sai ka gane. Ka kuma adana ta, don a gwada da ta gaba.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi 4 na kumburi.
2. Wace gaɓa ce take yin CRP?
3. Guda nawa ne suka haɗu suka yi CRP?
4. Me ya sa ake sake gwajin bayan an fara magani?
5. Me ya sa lamba mai yawa ba ta isa a sayi kafso ba?

Aikin rubutu

Kwafi wannan jimla sau 3 a littafinka: Gwaji yana nuna kumburi, likita yana neman dalili.